Kawuna da Ya Ci Gasar Waƙa Sau Ɗaya

Na Allah muke, kuma wurinsa za mu koma. Kawu, yayan mahaifiyata, ya rasu a gidansa na Bodinga a ranin da ya wuce, ana tsaka da kwaso albasa daga fadama. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne, na lura a zaman makoki kowa da irin Kawun da ya zo yi wa ta'aziyya, kuma ina tsoron nan gaba a rasa mai haɗa su wuri ɗaya.

Maza suna waje ƙarƙashin darbejiya, mu mata muna ciki, amma katangar gidan gajeruwa ce, duk abin da aka faɗa a waje sai ya shigo. Waɗanda ya koyar a firamare sun zo daga Dingyadi da Danchadi, wasunsu da furfura a gemu, suna ta labarin yadda yake jefa alli ya sami goshin mai gyangyaɗi ba kuskure. Manoman fadama suka ce sun yi rashin mai raba musu gardamar ruwa. Wata tsohuwa da ban taɓa gani ba ta shigo tana dogara sanda, ta zauna kusa da Iya, matar Kawu, ta ce, "Shi ya riƙe hannun maigidana har rai ya bar shi. Ɗiyanmu suna kudu, ba su iso ba." Kafin a tashi daga zaman sai da na ji irin wannan magana a bakin mata da dama, har na daina mamaki.

Washegari wata tsohuwar mota ta tsaya a ƙofar gida, wani dattijo mai tabarau ya fito. Aka ce tsohon malamin jami'a ne daga Sakkwato, tare suka yi karatu da Kawu. Bayan an shafa fatiha ya ce, "Ƙasar Hausa ta yi rashin sha'iri."

Can wani manomi ya ce, "Ranka shi daɗe, ko dai gidan kunka ɓata? Wanga malamin makaranta na, ba mawaƙi ba."

"Ban ɓata ba," in ji dattijon. "Sau ɗaya na ji waƙarsa, ban kuwa sake jin irinta ba."

Inna, mahaifiyata, tana tsintar shinkafa a lokacin. Ta ajiye faifan a ƙasa ta shige ɗaki, ba ta fito ba sai da motar ta tafi.

Akwai kuma wani tsoho dogo da ya shimfiɗa buzunsa nesa da tabarmin jama'a. Daga Shagari yake zuwa kullum da hantsi, da yamma ya hau mota ya koma. Bai taɓa abincin da aka kai masa ba, bai sa baki a hirar kowa ba, carbi kawai yake ja. Yayan matar Kawu ta fari ne. Manyan da suka san abin da ke tsakaninsa da Kawu suna satar kallonsa.

Kawu dogo ne siriri, mai tafiya a hankali kamar yana tsoron tayar da wani daga barci. Duk wanda ya zauna da shi ya san ɗabi'arsa guda: in ana magana, yatsansa na tsakiya yana bugun gwiwarsa. Muna yara mun ɗauka wani ciwo ne. Sai da na girma na gane auna maganar yake, yana jin inda ta yi nauyi da inda ta yi sauƙi, yadda masu rubuta waƙa ke auna baiti. Kiran yaran mota a tasha, tallan fura, huɗubar liman, ba wadda yake bari. In magana ta yi masa daɗi ya ce, "Wagga ta zauna." In ba ta yi ba ya ce, "Tana ɗingishi." Wata rana ya bar ƙofa buɗe awaki suka shiga suka cinye dawar da Iya ta shanya. Ta tsaya a kansa ta zazzage masa faɗa tas, shi kuwa yana bugun gwiwa. Da ta gama ya ce, "Rabin farko ya zauna, na ƙarshen shina ɗingishi. Sake." Ta jefe shi da ludayi, ta juya tana danne dariya.

Duk da haka ban taɓa ganin ya rubuta ko baiti ɗaya ba. In makaranta za ta yi biki aka ce ya tsara wa yara waƙar maraba, sai ya ce a ba wani, shi zai duba musu in sun gama.

Ɗabi'arsa ta biyu ita ce jinya. Ba magani yake bayarwa ba, ba rubutun sha yake yi ba. Zama kawai. Da ya ji wani ya kwanta a unguwa, ko an kira shi ko ba a kira ba, zai ɗauki buzu da buta ya tafi. Ya yi fifita, ya juya maras lafiya, ya jiƙa masa leɓe da ruwa, in ana bukatar shiru ya yi shiru. Yakan ce bai kamata a bar mutum shi kaɗai yana kallon rufin ɗaki ba. In kuwa a gidansa ne wani ba shi da lafiya, ko kasuwa ba ya zuwa. Akwai shekarar da aka kira tsofaffin malamai Sakkwato don tantance masu fansho, Iya ta tashi da ɗan zazzaɓin da bai hana ta dafa abinci ba, ya cire babbar rigar da ya riga ya sa ya rataye. Ta yi lallashi, ta yi faɗa, bai tafi ba.

Na tashi na san babban ɗan Kawu, taubashina, ba Iya ta haife shi ba, ita dai ta raine shi. Na san uwarsa ta rasu a Shagari yana jariri. Iyakar abin da na sani ke nan, har na shiga jami'a ina karanta Hausa. A shekarata ta biyu aka sanar da gasar rubutacciyar waƙa ta ɗalibai, wadda ake yi duk shekara, a tara malamai da baƙi a babban ɗakin taro, waɗanda aka zaɓa su hau su karanta. Na dawo gida hutu da murnata na ce wa Inna zan shiga.

Tana tankaɗe gari. Ta tsaya da rariyar a hannu ta ce, "Ba ki shiga."

Na ce, "Inna, ba waƙar kiɗa ba ce, rubutu ne."

"Na san ko mi ce. Na riga ki saninta."

A nan ta zaunar da ni ta ba ni labarin. Kawu bai shiga jami'a da ƙuruciya ba, sai da ya yi shekaru yana koyarwa aka ba shi damar ƙaro karatu, yana da mata. Matar 'yar Shagari ce, mai yawan dariya, in ji Inna, wadda ko gaisuwa sai ta sa mata barkwanci. Bayan ta haihu ta koma gidansu wanka, sai ciwo ya kama ta: ƙafafu suka kumbura, numfashi yana yi mata wuya. Ciwon ya ja. Kawu yana kai da komo tsakanin Sakkwato da Shagari, ya kwana biyu a makaranta, ya zo ya zauna a gefen gadonta da littattafansa. A wannan zaman ne aka sanar da irin wannan gasa, a gefen gadon nan kuma ya rubuta waƙarsa. Marsiya ce. Ya rubuta ta kamar matar ta riga ta tafi, alhali tana kwance tana kallonsa.

Inna tana budurwa a lokacin, an aika ta Shagari ta taya renon jariri, don haka a gabanta aka yi. Matar ta ce, "Malam, mi kake ta rubutu kana share ido? Karanta mani." Ya ƙi, ta nace, ya karanta. Baiti ɗaya kaɗai Inna ta riƙe daga ciki, shi ma sai da na roƙe ta kafin ta faɗa:

Randarki na nan cike, ruwan ya yi sanyi,
Wa zai sha, tun da mai ɗebo shi ta tafi?

Da ya kai ƙarshe matar ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Ta ce, "Ka binne ni tun ban mutu ba. Amma ka yi ƙarya wuri guda, randata ba ta taɓa yini cike ba, kai ke shanye ta." Sannan ta ce ya kai musu, ta yi kyau.

Aka zaɓi waƙar. Ranar taron matar ta tashi da sauƙi, har ta sha kunu da hannunta. Kawu ya ce ya fasa zuwa. Ita ta ce a miƙo masa hularsa. "Tahi ka karɓo muna abinmu. Ai da ni anka yi waƙar, ina da rabo ciki."

Ya tafi, ya karanta, ya zo na ɗaya. Aka ba shi takardar yabo da sabuwar rediyo a kwalinta. A zamanin babu wayar hannu. Da la'asar sakaliya ya sauka a tashar Shagari rungume da kwalin, ya nufi gida, sai ya yi kiciɓis da maza suna dawowa daga bayan gari, ƙafafunsu duk jar ƙasa, wani yana saɓe da fartanya. Ya matsa gefe ya ba su hanya, yana shirin tambayar wa ya rasu, sai ya ga surukinsa a cikinsu. Inna ta ce haka ya shigo gidan da kwalin a ƙirji, ya tsaya tsakar gida, ya rasa inda zai ajiye shi.

Uwar matar ya bar wa rediyon, don idonta ya fara rauni, ta riƙa jin karatu da labarai. Ba wanda ya san gidan rediyo ya ɗauki taron. Ba a yi sadakar arba'in ba, wata safiya tsohuwar tana zaune da jikanta a cinya, mutane sun zo gaisuwa, sai muryar Kawu ta fito daga akwatin tana kukan 'yarta, baiti bayan baiti, daga ƙarshe tafi ya ɓarke kamar ruwan sama a kan kwano. Mai gabatarwa ya faɗi ranar da aka yi taron. Kowa a wurin ya san wace rana ce.

Yayan matar, tsohon nan mai buzu, a lokacin yana ji da ƙarfinsa, ya tako har Bodinga ya sami Kawu a cikin mutane. Ya ce, "Kai ka yi mata baki. Ka kira mata mutuwa tana da rai, ka tahi ka sai da ita birni." Kawu bai ɗaga kai ba. Daga ranar gaisuwa ta yanke a tsakaninsu, maganar kuma ta bazu, har akwai matan da in sun hango shi sai su ja 'ya'yansu ciki. Ya koma ya ƙarasa karatunsa, ya dawo koyarwa, bai ajiye ko kwafin waƙar ba.

Inna ta kakkaɓe garin hannunta ta ce, "Gasar ga ta ci muna mutum guda, ta kuma rufe bakin wani. Ta ishe mu. Tashi mu je, shi da kansa zai hana ki."

Muka same shi a bayan gida yana jera albasa a rudu, rumfar da ake adana ta, yana ware ruɓaɓɓu. Ita ce autarsu, da Auta yake kiranta har ta tsufa. Ta zayyana masa abin da ya kawo mu, ta ce, "Yaya, gaya mata."

Ya ci gaba da aikinsa. Can ya ce, "Ta shiga."

"Yaya!"

"Auta, waƙa ba ta kashe ta ba. Ajali na. Da baiti na kisa, da an bar sayen bindiga."

Ban taɓa ganin Inna ta ɗaga wa yayanta murya ba sai ranar. Ta ce, "In haka na, mi ya hana ka sake yi? Shekara nawa kana bugun gwiwa awa mai ciwo? Kai ma ka san abin da ka sani!"

Ya daɗe yana juya wata albasa a hannu. Da ya yi magana ba mu yake kallo ba. "Da na gama karantawa, ɗakin duk ya miƙe tsaye. Na ji daɗi, Auta. Daɗin da ban taɓa ji ba, ko ranar aurena. Da na dawo na tambaye ki sadda ta cika, kika gaya mani, na auna, ya zo daidai da lokacin nan. Ita tana neman numfashi, ni ina murmushi ina gyara hula. Duk sadda na ɗauki alƙalami, tafin nan nake ji." Ya ajiye albasar. "Wanga kayana na, ba gado ba na. Kada ki aza ma yarinya."

Inna ta tafi ba sallama, ta yi kwanaki ba ta taka gidansa ba. Amma ba ta sake hana ni ba.

Shi kuwa yayan matar, sai da aka yi shekaru masu yawa sannan hanya ta sake haɗa su. Ɗansa babba ya kwanta ciwon hanta a Shagari, ciwon da har 'yan gida suka fara gajiya. Kawu ya ji, ya ɗauki buzu da buta ya hau mota. Taubashina ne ya raka shi, don ai gidan kakanninsa ne, shi ya ba ni labari. Ya ce Kawu ya yi sallama, mutumin ya fito ya tsaya a bakin zaure, suka dubi juna. Ba wanda ya miƙa hannu. Daga nan mutumin ya kauce daga ƙofar, Kawu ya wuce ciki. Ya zauna da maras lafiyar har Allah ya karɓi abinsa. Duk tsawon zaman kalma ba ta shiga tsakaninsu ba, sai dai kullum mutumin da kansa yake kawo kwanon fura ya dire a gefen buzun ya fita. Ko bayan nan ban ji an ce sun yi wata maganar sulhu ba. Ban sani ba ko ya janye abin da ya faɗa a zuciyarsa. Na dai ga zaman da ya yi a ƙofar gidanmu.

Ni dai a wannan hutun na sha wuya a hannun Kawu. Na ɗauka wanda ya tsaya mini haka zai lallaɓa ni, ashe ban san shi ba. Waƙata a kan matan da ke yankan lawashi, wato ganyen albasa, a fadama ce, su shanya su daka su dunƙula gabu na sa wa miya. Na kawo masa na farko ina taƙama. Ya saurara da ido rufe, yatsa na aiki, ya ce, "Kin taɓa ganin lu'ulu'u?"

Na ce a'a.

"To mi ya kai shi cikin waƙarki? Raɓa kika gani bisa ganye, ki ce raɓa."

Ya tura ni fadama da sassafe in zauna da matan, in ji yadda suke magana, in shaƙi warin da ke kama musu hannu ya ƙi fita ko da sabulu. Na sake rubutawa ya ce tana ɗingishi, na sake ya ce yanzu da ƙafa biyu take ɗingishin. Sau ɗaya na fita daga zaurensa da kuka, Iya ta tare ni da rogo da ƙuli ta ce, "Bar shi, ni ma har yau faɗana bai zauna ba." Sharaɗi ɗaya ya gindaya mini. Ya ce kada in taɓa yi wa mai rai marsiya. Na tambaye shi ko ashe ya yarda da maganar mutane. Ya ce, "A'a. Don in ya tafi za ki buɗe baki ki tarar kin riga kin kashe maganar."

Ranar da na karanta masa ta ƙarshe, yatsan ya tsaya a kan gwiwa bai motsa ba. Ya ce, "Kai musu."

Aka zaɓe ni cikin masu karantawa. Amma kafin ranar taron Kawu ya kwanta. An kai shi asibiti Sakkwato, aka ce zuciya ce, aka ba shi magani aka dawo da shi gida. Da na zo na ga ƙafafunsa a kumbure, yana jan numfashi da ƙyar, sai na dubi Inna, ita ma ta dube ni. Ana gobe taro na kwana a gidan. Da safe na yi wanka na sa kaya, na zo na durƙusa gabansa, na kasa tashi.

Na ce, "Kawu, na fasa."

Ya ce, "Ɗiyata, ba ni ce maki tahi. An taɓa ce mani tahi, na san nauyinta. Ba ni kuma ce maki zauna, don in kin zauna kin mai da ni sanadin shirunki, ba ni son in je da wanga." Ya huta, ya ƙara, "Wagga taki ta. Ki zaɓa, duk wadda kika ɗauka ban riƙe ki ba."

Na fito tsakar gida ina kuka. Inna, wadda ta hana ni tun farko, ita ta ɗauko jakata ta rataya mini. Ta ce, "Yanzu akwai waya. Tahi. Ina nan, ba ni motsawa."

Ban san yadda na isa Sakkwato ba. A ɗakin taron wayata tana cinyata, ina dubanta kamar wani abu mai cizo. Da aka fara karatu na kira taubashina, ya kara wa Kawu tasa wayar a kunne, na bar layin a buɗe. Aka kira sunana na hau. Na dubi mutanen nan a jere, na tuna a irin wannan ɗaki ya tsaya, sai baitocin suka riƙa fita da gudu kamar ana kora su. Da na gama aka tafa, kuma Allah ya sani na ji wani ɗan daɗi ya ratsa ni, nan take tsoro ya biyo bayansa. Ban ci ba. Wani ɗalibi ne ya zo na ɗaya da waƙa a kan rijiyar garinsu da ta ƙafe. Ni an ambaci sunana cikin waɗanda aka yaba, aka ba mu littattafai. Ban tsaya hoto ba. Na duba wayar na ga layin ya katse, na kira ba ta shiga, na sake kira ba ta shiga.

A motar Bodinga duk taron maza da na hango a gefen titi sai gabana ya faɗi. Muna shiga gari na ga wasu suna tafe a jere da fararen kaya. Na ce direba ya tsaya, na sauka tun ba a kai tasha ba, na cire takalmi na riƙe a hannu na sheƙa. Ashe daga ɗaurin aure suke. Ban daina gudu ba har ƙofar ɗakinsa.

Yana jingine da matashi, Iya tana ba shi kunu. Cajin wayar ne ya ƙare. Ya dube ni, ƙafa ba takalmi, mayafi a wuya, ya ce, "Wa ya koro ki a baiti na uku? Kin haɗiye rabinsa." Sannan ya ce yaron nan mai rijiya ya fi ni, alƙalan ba su yi zalunci ba, in je in nemi waƙarsa in karanta. Na zube a ƙasa ina kuka ina dariya. Ya ɗora hannu a kaina. A hankali, yadda ni kaɗai zan ji, ya ce, "Kin iske ni."

Ya ga damina, ya ga girbi, har ya sa aka ɗauke shi a Keke Napep ya je ya ga dashen albasa. Muka saki jiki. Ranar da abin ya zo rana ce kamar kowace, ina aji ana darasi taubashina ya kira. Na iso an riga an sa shi a makara.

Bayan baƙi sun watse, gida ya koma namu, na zauna da Iya 'yan kwanaki don tana takaba. Wata la'asar muna tsakar gida ina tsefe mata kai, sai ta ce, "Akwai abin da ban gaya ma kowa ba."

Na dakata.

"Ranar nan bayan azahar ina yi mashi fifita, mu biyu kaɗai. Ya buɗe ido ya dube ni sosai, ya kira ni da sunan waccan. Sunan da tun da na shigo gidan ga ban taɓa ji a bakinsa ba."

Na ce, "Iya, me kika yi?"

"Na amsa." Ta gyara zama. "Ya ce, 'Na dawo. Ban makara ba ko?' Na ce, 'Ba ka makara ba, Malam. Sannu da hanya.' Ya ce, 'Alhamdu lillahi.' Ya yi shahada, ya lumshe ido. Ina ta fifita, ban ma san ya tahi ba sai da hannuna ya gaji."

Ta juyo da rabin kanta a tsefe ta kama hannuna. "Ke da kika yi karatu, gaya mani. Ƙarya na yi mashi? Shekaru ina zaune da su su biyu, ban taɓa jin haushinta ba. Amma magana ta ƙarshe da ya ji a duniya, da bakin wata na yi ta. Allah zai kama ni?"

Na dai ci gaba da tsifar, ita kuma ta ci gaba da kallon ƙofar ɗakinsa.

Allah ya jiƙan Kawu, ya jiƙan wadda ta riga shi, ya sanyaya musu makwanci. Ya ba Iya ladan amsawar da ta yi. Mu da muka rage, in tamu ta zo, Allah ya sa akwai wani zaune a gefenmu.